Faifaina a Cikin Zobo

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikata ta fari ba, ko da na so in manta, don mutanen Bodinga ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga murya daga rumfarsa ya ce, "Mai Faifai, an kwana lahiya?" Ni da na kusa shekara talatin ana kirana Mai Rediyo cikin mutunci, yini ɗaya ya canza mini suna. Tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama (akwai mai cewa wai har kaina na tsoma cikin duro, ƙarya yake yi), gara in ba da shi da bakina.

Karatuna na boko bai wuce aji huɗu ba. Abin da Allah ya ba ni shi ne hannu. Tun zamanin jamhuriya ta biyu nake gyaran rediyo da rikoda, lokacin da kowane ɗan siyasa yake son lasifika a kan mota, kowane saurayi yake son rikoda a kafaɗa. Da abubuwa suka tsuke, aka koma bin layin sabulu da madara, ni sai kasuwata ta buɗe, don ba mai iya sayen sabuwa, kowa tsohuwarsa yake kawowa. A nan na koyi abin da ya zame mini girman kai: duk na'urar da ta ƙi magana, ko dai ka busa mata iska, ko ka goge ta da sifirit, ko ka mare ta. Uku ɗin nan sun ciyar da gidana shekara da shekaru.

To, a cikin kaset-kaset ɗin da suka ratsa hannuna akwai guda ɗaya da ba na sayarwa ba ne. Muryar Inna ce a ciki, mahaifiyar matata Hajo. Sabon aurenmu, na sayi rikodata ta farko, muka je gaisuwa Lambara. Na ce bari in ɗauki muryar tsohuwa. Amma kun san suruka da suruki, ina tsaye ba za ta ce uffan ba. Sai na ajiye rikodar a kan turmi a tsakar gida, na danna maɓalli, na ce da Ige, ƙanwar Hajo, tana 'yar budurwa lokacin, ta sa Inna ta yi magana, ni kuwa na fice zaure. Inna ta yi hira, ta lissafo kakanninsu, ta yi 'yar waƙar da take yi in tana niƙa, ta sa wa Hajo albarka. Shekara biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Kaset ɗin nan shi ne kawai abin da ya rage.

Duk sa'ad da kewa ta kama Hajo sai ta ce, "Malam, sa mani Inna." Ni nake sawa, kullum ni, ba na barin kowa ya taɓa. Kuma kafin in sa, sai in soka biro in murɗa zaren ya wuce wani wuri da na yi wa alama da jan farce. Hajo ta ɗauka gwaninta ce ta masu gyara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Shekaru suka tura, kwamfuta ta shigo gari. Wani malamin makaranta, Malam Sanusi, mutum mai sanyin hali da tabarau, ya buɗe shagon buga takardu kusa da rumfata. Wata rana ya ji ina sauraren kaset ɗin, muryar ta fara ja kamar mai jin barci, ya ce, "Baba, wanga zare ya gaji. Kawo in zuba maka shi cikin kwamfuta kahin ya mutu." Na ba shi ina gunaguni. Ya zuba gefe biyu duka, ya maido mini. Ya ce in sayo faifan sidi ya ƙara zuba mini in ajiye a gida. Na ce gobe.

Ba a yi mako biyu ba wani ya kawo mini rikoda daga Danchadi, na gyara, na ce ta zama sabuwa. Don in nuna masa aikina, na miƙa hannu na ɗauki kaset ɗin da ya fi kusa. Na Inna ne. Rikodar da na rantse ta warke ta tauna zaren nan kamar akuya ta sami takarda. Na jawo, ya tsinke. Na liƙa, ya cukurkuɗe. Daga ƙarshe (a nan ne ko ni nake mamakin kaina) na ari dutsen guga wurin tela na ce bari in miƙar da shi. Zaren ya ƙanƙance ya koma kamar taliyar da ta ƙone.

Ban gaya wa Hajo ba. Na ce a raina ai yana cikin kwamfuta, gobe in je a zuba mini a sabon kaset, in shafa masa jan farce, wa zai sani? Goben nan ta yi wata huɗu. In ta ce a sa mata Inna sai in ce kaset yana shago ina masa gyara, ko in ce batir ya yi sanyi.

Sai ɗiyarmu da ke aure a Shagari ta zo gida haihuwa, ta sami mace. Mijinta, yaron kirki, ya aiko cewa sunan Inna za a sa wa jaririya. Hajo ta yi kuka, ta share hawaye, ta ce, "Malam, ranar suna sai kowa ya ji muryar mai sunan. Na gaya ma Ige, na aika Lambara, na aika Mandera." Ni kuma, maimakon in sunkuyar da kai in faɗi gaskiya, sai na bugi ƙirji na ce ai har lasifika zan ɗaura a kan zaure, a ji ta har bakin titi.

Saura kwana huɗu suna na tafi wurin Malam Sanusi da sabon kaset a aljihu. Na same shi ya buɗe cikin kwamfuta ya yi tagumi. Wani ƙara yana fitowa, ƙas, ƙas, ƙas, kamar ƙadangare yana buga kai a kwano.

Na ce, "Lahiya, Malam?"

Ya ce, "Baba, hadis ɗin ne ya lalace."

Na ce, "Malam, ji tsoron Allah. Hadisi ba ya lalacewa."

Duk da damuwar da yake ciki sai da ya yi dariya. Ya kwance wani ɗan akwatin ƙarfe, bai fi tafin hannuna ba amma da nauyi, ya ɗora mini. Ya ce nan ne kwamfuta take ajiye duk abin da aka ba ta. A ciki akwai wani abu zagayayye mai sheƙi da yake juyawa, da 'yar allura mai karantawa, kamar garmaho na da. Ya ce, "Tunda wancan suna ya yi maka nauyi, ce da shi faifai." Na ce to, faifai na sani. Sa'an nan na tambayi abin da ya kawo ni: Inna fa? Ya nuna ƙarfen da ke hannuna. Ya ce tana nan ciki, ita da takardun mutane rabin gari, kuma ba wanda zai fito sai faifan ya yarda ya juya.

Kwana biyu muka yi muna fama. Shi ya yi nasa na masu ilimi: ya canza waya, ya ɗauke shi zuwa birni ya sa a kwamfutar abokinsa, ya kwantar da shi ta gefe, ya kifa shi. Ƙas, ƙas, ƙas. Ni ma na ce a bar ni in yi nawa. Na busa masa iska. Na goge ƙafafunsa da sifirit. Da Malam ya juya baya na ɗauke shi da mari guda mai kyau, irin wanda ya tayar da rediyo ɗari a garin nan. Malam ya yi ƙara kamar shi na mara. Da na zaro sukudireba zan buɗe in ga allurar da idona, riƙe mini hannu ya yi da hannu biyu, ya ce ƙura ƙwaya ɗaya ta shiga ciki, shi ke nan, Inna ta tafi ke nan. Na mayar da sukudireba aljihu, amma ban ji daɗi ba. Ban saba da na'urar da ba a buɗe cikinta ba.

Ana gobe suna ya kira ni da hantsi. Ya ce saura dabara ɗaya, ta ƙarshe, wadda abokinsa na birni ya gaya masa, kuma shi kansa bai ba ta gaskiya sosai ba. A naɗe faifan yadda ruwa ba zai taɓa shi ba, a sa shi a firiza ya yi sanyi ƙarara. Wai sanyi yana sa ƙarfe ya ɗan tsuke, abin da ya cije ya saki. In an ciro shi a haɗa nan take, kafin ya huce. Wani lokaci yakan ba da minti goma, wani lokaci ko ɗaya. Kuma sau ɗaya ake yi, don in ya yi gumi a ciki ya gama.

Na ce, "Malam, wato marar lahiya za mu kai cikin ƙanƙara ya warke?"

Ya ce, "Ba warkewa zai yi ba, Baba. Bakinsa kawai muke so ya buɗe ya yi wasiyya."

Wuta kuwa lokacin sai ta yi mako ba ta leƙo mu ba. Firiza ɗaya ce a unguwarmu mai aiki, ta Hajiya Kulu mai ƙanƙara, maƙwabciyarmu, don tana da injinta. Naɗi kuwa, wannan fagena ne. Na naɗe shi da farin ƙyalle, na sa a farar leda na tsotse iskar da bakina, na ɗaure, na ƙara ta biyu, na ƙara ta uku, na bi da robar tayar keke na ɗaure tamau. Na kai wa Hajiya Kulu na ce amana ce, ta sa mini can ƙasa, kada ta gaya wa kowa, musamman Hajo. Ta juya ƙullin ta ce, "Mai Rediyo, in magani ne ka hwaɗa mani in san abin da nika kwana da shi." Na ce ba magani ba ne, faifai ne. Ta dube ni, ta dubi ƙullin, ta ce Allah ya sawwaƙe, ta jefa shi cikin ƙanƙararta. Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, ƙanƙarar Hajiya ma a farar leda ake ƙulla ta. Kuma Hajiyar ce Hajo ta yi wa maganar kawo ƙanƙarar suna.

Shirinmu da Malam mai kyau ne, a baki. Bayan azahar zai kawo kwamfuta zaurena da wani faifan mai lafiya a ciki, a tayar da injin da na aro don biki, ni in ruga gidan Hajiya in ɗauko, taku ashirin ne, a haɗa, a kwashe Inna, a sa a lasifika. Hajo tana cikin gida, ina za ta san ko daga kaset muryar take fitowa ko daga sama?

Ranar suna da safe aka raɗa suna, aka raba goro, aka yanka rago. Na sa farar babbar rigata, wadda na ɗinka tun ana zaman daɗi, ba ta fita sai sallah. Surukaina na Shagari suka cika zaure da ƙofar gida, dattawa masu rawani, ana ta "Allah raya, Allah raya." Bayan azahar Malam ya iso, ya shirya kayansa a lungun zaure, ya ɗaga mini gira. Na zame na shiga gidan Hajiya Kulu.

Firiza a buɗe. Ba komai ciki sai ruwa-ruwa da wata leda da ta yage.

Na leƙa, na sake leƙawa, na sa hannu na shafa kusurwa huɗu. Wata tsohuwa da ke gadin gidan ta ce ai Hajiya tun safe tana gidan suna, kuma ɗazu Ige ta zo da mata biyu sun kwashe ƙanƙara duka a daro.

Ban san sa'ad da na fita ba. Ku da kuka san gidan suna da rana, kun san tsakar gida ba wurin namiji ba ne. Mata sun fi hamsin, tukwane a kan murhu, 'yan Lambara, 'yan Mandera, da dangin mijin ɗiyata waɗanda ko ido ban saba haɗawa da su ba. Ni kuwa, kakan jaririya, da babbar riga da hula, na kutsa ko sallama ban gama ba, na tsaya a tsakiya na ɗaga murya:

"Wa tag ga faifaina?"

Mai tuƙa tuwo ta tsaya da muciya a sama.

Ige ce ta fara magana, ita da ba ta taɓa raga mini ba tun tana yarinya. Ta ce, "Mijina, yaushe ka fara bakace?" Ta zare faifan da aka rufe ƙwaryar fura da shi ta miƙo mini. Wata ta ce a'a, ba shi mai ado, kakan jaririya ne, ta miƙo wani mai ja da kore. Wata tsohuwa daga Shagari, ita da gaske take, baiwar Allah, ta ciro nata daga ƙarƙashin kwano ta ce in yi haƙuri ya ɗan tsufa. Kafin in ankara faifai huɗu ne a hannuna, na rungume su a ƙirji kamar mai talla.

Na ce, "Ba irin wanga ba! Na ƙarhe! Wanda nis sa cikin firiza!"

Nan ne aka fashe. Na ji wata tana cewa a bayana, "Wayyo, zahin rana ne, dama an ce masu taɓa wayar lantarki haka suka ƙarewa." Hajo ta fito daga ɗakin mai jego ta tsaya a bakin ƙofa, tana dubana irin duban da mace take yi wa mijin da take tunanin ko a kira masu ruƙiyya.

Sai Hajiya Kulu ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ƙullin amana! Ige, ƙanƙarar da kunka kwaso, ina take?"

Ige ta nuna duro. Babban duron roba ne shuɗi, ya kai mini ƙugu, cike da zobo ja wur, ƙullin ƙanƙara suna yawo a sama. Ta ce, "Af, ko wadda tan nutse? Ni ma na ce wagga ƙanƙara ta hi 'yan uwanta nauyi."

Na tuna maganar Malam: sau ɗaya ake yi. Ban nemi ludayi ba, ban cire riga ba, ban ma ajiye faya-fayan da ke hannuna na hagu ba. Na zura hannun dama cikin zobon mutane har kafaɗa, na sunkuya, kumatuna a bakin duro, ina lalube. Sanyi ya ratsa ni har haƙori. Hulata ta zame ta faɗa ciki (hula ce ta shiga, ba kai ba, a rubuta wannan). Na taɓo shi can ƙasa, ya sulle, na sake kamowa, na ɗago shi sama kamar wanda ya kama kifi. Rigar sallata rabi fara rabi ja, kamar ni aka yanka ba ragon ba.

Hajo ta ce, "Malam, mi ke cikin ƙullin ga?"

Da a ce ni mai dabara ne da na ce kayan aiki ne. Amma ina tsaye zobo yana ɗiga daga gemuna, ƙarya ta ƙare mini. Na ce, "Inna ce."

Wata tsohuwa ta yi salati da ƙarfi.

Na ce, "Muryarta nika nuhi. Kaset ya lalace wata huɗu da sunka wuce, ni na lalata shi. Abin da yar rage yana cikin nan, kuma in ya huce ya tahi." Ban tsaya ganin fuskarta ba, na ruga zaure.

Dattawan Shagari suka ga surukinsu ya faɗo musu jina-jina, ba hula, da faifai huɗu a hammata. Ɗaya ya miƙe yana tambaya ko faɗa aka yi. Malam Sanusi wuƙa kawai ya karɓa ya yanke robar. Leda ta farko, zobo. Ta biyu, 'yar laima. Ta uku, a bushe ƙamas, ƙyallen fari tas, ƙarfen kuwa sanyi kamar ya ƙone hannu. (A duk abin da na yi a wannan mako, ɗaurin nan ne kaɗai aikin da zan iya nuna wa jikokina.) Ya goge, ya haɗa waya, ya ce bismillah, ya danna.

Ƙas. Ƙas.

Na waiwaya. Hajo da Ige sun biyo ni, suna tsaye a ƙofar zaure ta ciki da mayafi, sauran mata a bayansu.

Sai wani ɗan zuuu, siriri, kamar sauro. Malam ya ce, "Ya juya. Kowa ya yi shiru, kada wanda ya taɓa tebur." Wani ɗan layi ya fito a gilashi yana tafiya a hankali. Ban taɓa ganin abu mai nawa irin layin nan ba. Dattijo ɗaya da bai san ma abin da ake yi ba ya ɗauki carbi ya kama ja. Da layin ya kai ƙarshe Malam ya ce, "Gehen farko ya hita." Ya kama na biyu, bai kai rabi ba, ƙas, ƙas, ƙas, shiru. Daga nan faifan bai sake motsi ba har yau. Takardun mutanen gari kuwa Malam bai ko nema ba, Inna ya fara ɗaukowa. Allah ya saka masa, wata biyu ya yi yana sake buga wa mutane takardunsu.

Hajo ta ce, "Mi ke gehe na biyu?"

Na ce ni ne, ina kwaikwayon mai karanta labarai. Ige ta ce to alhamdu lillahi, ba a yi hasara ba.

Nan fa farin ciki ya ɗebe ni. Na manta da riga, na manta da kunya, na jawo wayar lasifikar da na ɗaura a kan zaure na haɗa da hannuna, na murɗa ƙara har ƙarshe, na ce, "Malam, saki!" Sai da ya ɗora yatsa na tuna. Kwamfuta ba ta san jan farce ba. Ba inda zan soka biro. Daga farko za ta fara.

Aka ji ƙarar kaji, aka ji takun mutum yana nisa. Sa'an nan muryar Inna, tangaram, har bakin titi kamar yadda na yi alkawari:

"Ya hita? Ke Ige, leƙa ki gani. To. Ni dai ban san abin da yayarki tag gani ba ga wanga yaro. Kunnuwa awa faifai. In ya juyo sai ka ce iska za ta ɗauke shi."

Aka ji dariyar Ige tana yarinya a cikin lasifika, aka kuma ji ta Ige uwar 'ya'ya shida a ƙofar zaure, ta zube ƙasa tana riƙe ciki tana cewa, "Wallahi shekara da shekaru ina cewa akwai wurin da ba a sa muna!" Dattawa suna ta gyaran murya cikin rawani, kafaɗu suna rawa. Ni kuwa ina tsaye ba hula, kunnuwan da ake magana a fili, kowa yana dubawa yana gaskata marigayiya.

Inna ba ta gama ba. "Rediyon babanku da yag gyara, tun ran nan ba ta sake cewa komi ba." Nan ma aka kwashe. Sai muryarta ta sauka. "Amma dai ku bar shi. Abu guda nis sani, yaron ga ba ya ɓoye magana. In ya ɓata abu shina hwaɗi. Don haka hankalina ya kwanta da Hajo tana hannunshi."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya, don wanda bai ji abin da na faɗa a tsakar gida ba an riga an raɗa masa. Shekara ashirin da wani abu ina tsallake wurin nan saboda maganar kunne, har na manta da abin da ke biye da ita. Na ɗaga kai, Hajo tana dubana, hawaye yana zuba, bakinta kuma yana son yin dariya tana hana shi. Zobo bai ba ni kunya ba kamar wannan duban.

Sa'an nan aka iso wurin da kowa ya sani. Inna ta lissafo kakanni, ta yi waƙar niƙa, ta sa albarka. Aka fito da jaririya aka tsaya da ita kusa da ƙofa, wai ta ji mai sunanta. Tsofaffin Lambara suna kuka suna amsa amin kamar tana zaune a gabansu. Sau uku aka maimaita, kuma kowane karo Ige sai ta ce a fara tun daga farko, kada a yi mata coge.

Da baƙi suka ragu Hajo ta kawo mini tuwo da kanta, ta ajiye, ta rufe da faifai, ta ce, "Ga naka nan, kada ka shiga nema." Ta juya za ta tafi ta tsaya. "Malam, da ka hwaɗa mani tun ranar, da kuka zan yi in share. Wata huɗu kana ce mani batir." Na ce na tuba. Ta ce Inna ta riga ta yi mini shaida gaban jama'a, sai in san yadda zan yi kada in mayar da ita maƙaryaciya. Zobon kuwa duk an shanye shi, har ana cewa wai ya fi na kullum daɗi.

Washegari, ba goben da na saba ba, washegari na gaske, na sa Malam ya zuba muryar a sidi uku da kaset biyu. Ɗaya yana Lambara, ɗaya Shagari wurin mai sunan, ɗaya cikin akwatin Hajo, ta kulle, kuma ta ce ko na ga wuta ta kama kada in taɓa. Mataccen faifan yana rumfata har yanzu, da shi nake danne takarda. Rigar ba ta wanku ba, sai rini aka yi mata, ta koma ja gaba ɗaya.

Abin da na koya ba shi da yawa, don ni ba mai saurin koyo ba ne. Abin da kake so, kada ka ajiye shi wuri ɗaya. In ka ɓata abu ka faɗa tun bai kai ka cikin duro ba. In kuwa dole sai ka ɓoye wani abu a firizar maƙwabta ana gobe suna, to don Allah ka nemi baƙar leda. Jikata yanzu ta yi wayo, ta haddace kaset ɗin kakarta kaf. In ta zo hutu daga Shagari, kafin ta gaishe ni sai ta zagaya bayana ta duba, ta ce, "Kaka, wallahi Inna ba ta yi ƙarya ba."